Kwano Ɗaya da Ƙanwata

Shekarar da na gama karatu da bautar ƙasa na dawo gida Illela ina jiran aiki, na tarar abubuwa biyu sun canza a gidanmu. Na farko, Baba ya sayo talabijin daga Ƙwanni a wata tafiya da ya kai albasa, an ɗaura satalayit a kan rufin ɗakin Inna. Na biyu, ƙanwata da na bari tana bina har ƙofar gida tana kuka duk ranar da zan koma makaranta, ta zama budurwa mai shekara goma sha biyar, da waya a hannu da amsa a baki. Mu biyu ne mata a ɗakin Inna, tazarar da ke tsakaninmu ta kusa shekara goma. Ni na goye ta. Wannan magana na yi ta maimaita mata a shekarar nan, har ta kai tana ƙarasa min ita kafin in kai ƙarshe.

A lokacin akwai wani wasan barkwanci da ake nunawa duk Lahadi bayan Magariba. Lahadi ranar kasuwarmu ce, kowa ya wuni a tsaye, saboda haka da an idar da salla sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a juyo da talabijin ya fuskanci ƙofa, matan maƙwabta su shigo da yaransu. Wasan a gida ɗaya ake yinsa, a wani birni. Akwai babbar yaya da babban wa, duk sun gama makaranta ba aiki, suna zaune suna cin tuwon gida suna ba da umarni. Akwai ƙannensu biyu 'yan sakandare, mace da namiji, waɗanda ba su da sana'a sai kunyata su. Iyayen ba a cika ganinsu ba sai an zo rabon faɗa. Kowane mako da rigimarsa: wa zai fara cajin waya, wa za a aika, wa ya sa takalmin wa. Manyan su ce yaran yanzu ba su da tarbiyya, yaran su ce manyan sun tsufa ba su sani ba. Duk sanda wani ya buɗe baki sai a ɗora wata dariya ta mutanen da ba ka gani, ko abin ya kai a yi dariya ko bai kai ba.

Tabarmarmu ma rabuwa take yi. Ƙanwata da ƙawayenta su zauna gaba, da yarinyar wasan ta murguɗa wa yayarta baki sai su tafa, su waiwayo su dube ni. Ni ina baya kusa da Inna, ina jin haushin yadda ake mayar da babbar yayar wata wawiya. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, amma sai a sa ta faɗe shi da ɗankwali a karkace, ko ta zame ta faɗi a ruwan wanke-wanke. Tana da wata kalma da ba ta rabuwa da ita, wato "a zamaninmu", kuma kaico, ni ma ina da ita. Wata rana na ce wa ƙanwata a zamaninmu yarinya ba ta wuce babba da waya a kunne, ashe Baba yana alwala a bakin rijiya yana ji. Ya ɗago ya ce, "Ke har kin yi zamani?" Ranar ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki.

Duk wannan da sauƙi, don ana yi ana mantawa. Abin da ba a manta ba shi ne maganar kwano.

A gidanmu, kamar kowane gida a unguwar, ba a zuba wa mutum abinci shi kaɗai sai in ba shi da lafiya. Maza suna ci a zaure tare da Baba, Inna tana ci da matar baffanmu, mu 'yan mata kwanonmu ɗaya. Kuma cin yana da ƙa'ida. Ƙarama ce ke kawo ruwan wanke hannu. Ita ke riƙe bakin kwano da hannun hagu don kada ya riƙa juyawa. Ba ta kai hannu kan nama ko kifi sai babba ta raba ta tura mata nata gabanta. Ba ta tashi ta bar babba a kan kwano. Babba ce ke fara tsame hannu, ta tashi ta bar wa ƙarama suɗi, ita kuma ta cinye ta wanke kwanon.

Ni a ƙarƙashin wata ɗiyar baffanmu na yi wannan zama, wadda Inna ta riƙe har ta yi aure. Mace ce marar magana, ban taɓa jin ta ce tana sona ba. Amma in ta tashi daga kan kwano na juya sauran tuwon, sai in tarar ta tura tsokar kifi a ƙarƙashi, daga cikin rabonta. Ba ta taɓa ambata ba, ni ma ban taɓa yi mata godiya ba, haka ake yi. Da ƙanwata ta isa zama a kan kwano, abin da na riƙa yi mata ke nan. A makaranta na ci abinci a faranti ni kaɗai, a bakin gado, shekara da shekaru, a wurin bautar ƙasa ma haka. Wallahi ba abin da na yi kewa a gida kamar in zauna a tabarma in ga hannun yarinyar nan a bakin kwano. Hutun da nake zuwa 'yan kwanaki ne, ba sa isata. Da na dawo gaba ɗaya na ɗauka yanzu za mu zauna mu ci mu more.

Makonnin farko mun ci tare. Tana riƙe kwanon da yatsa biyu, wayarta a kan cinya, tana ci tana leƙe. Na yi mata magana, ta ajiye. Ban ga wata matsala ba.

Sai aka zo wata Lahadi. A wasan, an zuba wa babbar yaya da ƙanwarta shinkafa a tire ɗaya, da nama guda uku. Yayar ta tsaya tana lissafin rabo da dogon bayani a kan haƙƙin babba, yarinyar kuwa ta tashi ta ɗauko faranti da cokali, ta yanki rabin shinkafar, ta ɗauki nama biyu, ta ce ita ba kaza ba ce da za ta jira a watsa mata. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Aka ɗora dariyar nan, tabarmar gaba ta amsa da tafi. A ƙarshen wasan kyanwa ta shiga ta cinye naman yarinyar tana can tana hira a waya, ta dawo tana lallaɓa yayarta ta sam mata. Aka yi dariya aka tashi.

Washegari da rana Inna ta yi tuwon gero da miyar kuka, da busasshen kifin tafkin Kalmalo da Baba ya sayo a kasuwa. Na shimfiɗa tabarma na zauna. Sai ga ƙanwata ta fito daga madafa da kwanonmu a hannu ɗaya, ta ajiye a gabana, a ɗaya hannun kuma faranti, da malmala ɗaya da cokali a soke. Tuwo da cokali, jama'a!

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Nawa ne, Yaya."

"Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata lau."

Ta wuce ɗaki. Na zauna ina kallon ƙofar, ina jira ta fito ta ce wasa take. Shiru. Na ɗaga murya na kira Inna na ce ta zo ta ga abin da ɗiyarta ta yi. Inna tana kwashe sauran tuwo, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "To mi? Tuwon bai ishe ki ba?" Na ce ba maganar isa ba ce. Ta ce, "Tun da kinka tahi ita kaɗai ka ci. Ku kunka sani, kada ku sa ni ciki."

Na bi ƙanwata ɗaki. Tana zaune a bakin katifa, faranti a cinya, waya jingine da filo. Na ce mata in talabijin take kwaikwayo, to ta tuna yadda aka ƙare, yarinyar da kanta ta dawo tana roƙo. Ta ce ai wanda ya tsara wasan sa'ana ne, dole ya ƙare shi yadda zai yi mana daɗi. Ta ce kuma mu ba mu da kyanwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa mata maganganu, har da ta goyo. Ta bari na gama, sannan ta ajiye cokalin.

Ta ce, "Yaya, in kina jin yunwa kina sauri, in kin ƙoshi kina jan hira, ni kuma dole in bi ki. Ba ni taɓa kifi sai kin ga dama. In kin tashi ki bar min tuwo ya huce, duk sawun yatsunki a jiki, in ci in wanke. Ke kina ganin kyauta kike min. Suɗi ne fa. Ni ba na son cin suɗi."

Na ce, "Suɗina kike ƙyama?"

Ta ce, "Ba ƙyama ba ce. Ba na so ne kawai."

Wannan magana ta yi min zafi fiye da zagi. Na fito na zauna a kan kwanon ni kaɗai, na kasa cin rabinsa. Kwanakin da suka biyo baya haka aka yi ta yi. Ta ajiye min kwano da ruwan wanke hannu, da ladabinta, ta ɗauki farantinta ta shige. Matar baffanmu ta fara tsokanata wai ko in zo in sa hannu a nasu. Ƙawayen ƙanwata kuma in sun shigo sai su gaishe ni da sunan babbar yayar wasan, su gudu.

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa a gidan ya sani. Da na ga abin ba zai gyaru da kansa ba, sai na kai ƙara wurin Baba. Na same shi a zaure da hantsi yana duba buhunan da za a ɗora wa mota. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa yarinyar nan ta ware kwanonta saboda abin da ta gani a talabijin, ta ce ba ta cin suɗina. Baba ba ya son dogon zance a kan abin cikin gida. Ya sa aka kira ta, ta zo ta durƙusa a gefena. Ya tambaye ta ko gaskiya ne, ta ce gaskiya ne. Ya ce, "Mu haka munka tashi, haka za ku tashi. Daga yau in ƙara jin kin ware kwano, a kwance satalayit ɗin nan daga kan ruhin ɗaki. Tashi ku ba ni wuri." Ta ce, "To, Baba." Ba ta dube ni ba.

Na yi nasara ke nan. Da rana ta kawo ruwa, ta durƙusa ta zuba min na wanke hannu. Ta kawo kwano, ta zauna, ta naɗe ƙafa, ta kama bakin kwanon da hannun hagu, duk yatsun biyar. Ba waya. Kanta a ƙasa. Na yi bisimilla na fara, ta jira na kai loma sannan ta kai tata. In na dakata ta dakata. Na raba kifi na tura mata, ta ce, "Na gode, Yaya." Tunda muke ba ta taɓa yi min godiya a kan kwano ba, ba a yi. Na jawo hira a kan wata malamarsu da ni ma ta koyar da ni, ta ce, "E, Yaya." Na tambaye ta ko miyar ta yi mata gishiri, ta ce, "Yadda kika gani, Yaya." Ko a littafi aka rubuta ƙa'idar cin kwano ɗaya, ba za a yi ta daidai kamar yadda yarinyar nan ta yi ta ba. Ba inda zan kama ta.

Na tsame hannu na tashi, na bar mata tuwo mai yawa, na tura tsokar kifi mafi kyau a ƙarƙashi kamar yadda na saba. Na shiga ɗaki na leƙa ta taga. Ta zauna jim kaɗan, sannan ta ɗauki kwanon ta nufi bayan madafa, ta kife wa kaji, ko juya tuwon ba ta yi ba. Ina kallo wani zakara ya ja kifin ya gudu da shi. Ta wanke kwanon tas ta kife a kan randa.

Ban koma wurin Baba ba. Me zan ce masa? Ya ce ta zauna a kan kwano, ta zauna. Haka muka yi ta ci, rana da dare, ita tana yin 'yan lomominta a bayan nawa, ni ina tura tuwon da ƙyar. Ta fara ramewa, don abin da take ci bai kai ya riƙe ta ba, sai da la'asar ta sayi awara a ƙofar gida ta ci a tsaye. Ni ma na rame. Inna tana ganinmu, sai ta rage yawan abin da take zuba mana, wai kada a yi ta ciyar da kaji.

Ranar Lahadi ta daina zama a tabarmar gaba. Ta dawo baya ta zauna kusa da ni, hannu a kan gwiwa. Yarinyar wasan ta ɓoye wa yayarta takalmi ranar da za ta je neman aiki, tsakar gida ta kaure da dariya, ƙanwata ko murmushi. Ƙawayenta suka yi ta waiwayowa suna yi mata alama da ido, ta yi kamar ba ta gani ba. Abin mamaki, ni ce na ji dariyar ta taso min, na haɗiye ta, don ba daɗi mutum ya yi dariya kusa da wanda ya ƙi yi. A raina na ce su a talabijin sun huta, duk rigimar da suka ɗauko kafin a kira Isha'i sun sauke ta, mako mai zuwa su ɗauko sabuwa kamar ba a yi ba.

Har yau ina ganin ni ke da gaskiya a maganar. Kwano ɗaya ba wulaƙanci ba ne, a kansa na san wanda ke sona a gidanmu. Amma gaskiyar ba ta sa tuwo ya wuce ba. Wata rana da safe na tarar da Inna tana tankaɗe, na ce mata daga yau ta riƙa zuba wa yarinyar nan nata daban, in Baba ya tambaya a ce ni na ce. Inna ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. A zuciyata ina da wani lissafi. Na ɗauka in na sake ta, za ta yi kwana biyu da farantinta, ta huce, wata rana in gan ta ta jawo tabarma ta sa hannu da kanta.

Da rana sai ƙanwata ta fito da kwano da faranti. Ta ajiye min nawa, ta tsaya, ta ce, "Yaya, an ce ke kika ce." Na ce e. Ta ce, "To." Ta shige ɗaki da farantinta. Da yamma ta zo ta nuna min wani abin dariya a wayarta, Lahadi ta koma tabarmar gaba tana tafi. Muka koma hira, muka koma faɗa a kan caja da man shafawa. Komai ya dawo, ban da kwano. Na yi ta jira. Ana haka aikina ya fito a Sakkwato, na tattara na tafi. An daina nuna wasan ma daga baya, ban san yadda suka ƙare ba.

Yanzu ta yi aure, tana garin Araba kusa da Illela da mijinta da ɗanta. Muna waya kusan kullum, ita ce mai ba ni labarin kowa, kuma in ina da damuwa ita nake fara kira. Bara da na zo gida hutu na hau mashin na je gidanta ban sanar da ita ba. Ta yi ihu ta rungume ni, ta yi ta faɗa wai me ya sa ban gaya mata ba ta shirya. Ta shimfiɗa min darduma a ɗakinta, ta sa aka yanka kaza, ta shiga madafa ta daɗe. Ina jin ƙamshi ina wasa da yaron, ina ta saƙa a raina cewa yau ba Baba ba Inna, gidanta ne, mu biyu ne.

Ta shigo da tire, da kuloli masu kyau na cikin kayan aurenta, da faranti ɗaya da cokali ɗaya. Ta durƙusa ta jera su a gabana, ta buɗe ta nuna min, kazar nan kusan duk ta zuba min ita. Na matsa gefe na ba ta wuri a kan dardumar, na ce, "Zo mana mu ci."

Ta ce, "Haba Yaya, ci abinki a natse. Nawa yana madafa."

A wurinmu in baƙo ya zo, ana ajiye masa abinci a fita a ba shi wuri, don kada ya ji nauyi. Girmamawa ce, ni ma haka nake yi wa baƙina. Ta ɗauki yaron daga cinyata don kada ya dame ni, ta ce in ina son ƙarin miya in kira ta. Sannan ta fita, ta saki labule.